Takardar da Na Buga wa Baba

Ƙarar shayi ce a kan tabarma. Duk wadda ta taɓa zuba shayi ta san kukansa idan ya faɗa cikin kofin tasa, yana farawa da kauri, yana sirancewa har kofin ya cika. Wannan ba haka ta yi ba. Wata 'yar tsiyaya ce marar amo, kamar ruwan alwala a kan yashi. Ina bakin murhu ina dama kunu na ji ta, na waiwaya. Baba yana zaune inda ya saba zama kowace safiya, butar shayi a hannunsa, yana zubawa a gefen kofi. Tsakanin ruwan da bakin kofin bai fi faɗin yatsa ba.

Shi ma ya ji. Ya gyara hannu, shayin ya sami kofi, ya ja gefen rigarsa ya rufe wurin da ya jiƙe. Na dubi Inna. Ta girgiza mini kai sau ɗaya ta ci gaba da tankaɗe. Autarmu, wadda ba ta wuce shekara biyar ba a lokacin, tana wasa da murfin kwano, ba ta ga komai ba.

Hutu na zo yi daga makarantar koyon aikin ofis da nake yi a can nesa da gida. Ƙa'idar makarantar ita ce, kafin a ba ɗaliba takardar gamawa, sai an tura ta wani babban kamfani ta yi shekara guda tana aiki, shugaban wurin ya rubuto yadda ya same ta. Ƙawayena duk Kano da Kaduna da Jos suke nema. Da na koma aka miƙo mini takardar zaɓi, sai na rubuta Mubi. Malamar da ke koya mana tafireta ta duba, ta sake dubawa.

"Mubi? Inda hanya ta ƙare? Ke da kika fi kowa sauri?"

Na ce mata gida ne. Ban gaya mata zancen shayi ba.

A Mubi ba a kiran sunan kamfanin, kamfani kawai ake cewa, kowa ya gane. Yana sayen gyaɗa da auduga da fatu, yana sayar da gishiri da atamfa da kekuna. Baba shi ne mai awonsa tun kafin a haife ni. Mahaifinsa falke ne daga Borno da ya zo da kanwa ya zauna a unguwar Lokuwa, shi kuwa Baba bai gaji fatauci ba, sikeli ya kama. Bai yi boko ba, amma ya san lambobi, kuma manoman ƙauyukan da ke kewaye sun san shi. Yakan ce duk buhun da ya auna zai sake ganinsa ranar da za a kafa mizani, don haka gara su rabu lafiya tun a nan.

Sikelin na tsohon yayi ne. Yana da faffaɗan farantin ƙarfe a ƙasa inda ake ɗora buhu, da doguwar sandar tagulla a kwance mai tsage-tsage kamar haƙoran zarto. Akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake turawa a kan sandar har ta daidaita, sai a duba tsagar da ya tsaya a faɗi laba nawa, akawun sikeli ya rubuta. A makon farko na gane yadda Baba yake yi. Tagar ofishinmu tana kallon rumfar awo, na kuwa riƙa satar kallo. Ba ya duba komai. Sandar idan ba ta daidaita ba tana bugun ƙarfen da ke bakinta, sama ko ƙasa, idan ta yi shiru awo ya yi. Da kunne yake jin wannan. Sa'an nan ya bi tsagogin da farcen babban yatsansa, ya ƙirga, ya ɗaga kai ya faɗi lamba da ƙarfi. Yana sunkuyar da fuska kamar mai dubawa, don idon mutane. Yanar ido ce ta rufe masa idanun biyu, abin da ya rage masa haske ne da inuwa. An ce akwai asibitin ido a Kano da ke cirewa, amma zuwa can sai da hutun wata guda, hutun kuma sai an faɗi dalili.

Abin da na zo tsarewa ke nan, wato kada Baba ya rasa wurinsa a gaban sikelin nan. Yadda 'yar makaranta mai shekara goma sha tara za ta tsare shi, ban tsaya na tambayi kaina ba.

Abin da na iya shi ne tafiya. Kowace safiya muna fitowa daga Lokuwa tare, ina rabin taki a gabansa, ina surutun da ba halina ba. "Baba, ka ga sun sake haƙa kwalbatin nan." "Baba, wannan jakin kullum a tsakiyar hanya yake kwana." Shi kuma ya ce, "Na gani, Uwata," ya kauce. Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ba a daɗe da mayar da motoci hannun dama ba a lokacin, mutane suna ta ruɗewa wajen tsallaka titi, sai na riƙa kama hannun rigarsa idan mun zo babban titi. Masu shaguna suna yi mini dariya wai boko bai cire mini tsoron mota ba.

A ofis mutum biyu ne a kaina. Akwai manaja, ɗan ƙasa, saurayin mutum mai ilimi da aka kawo bayan Baturen da ke riƙe da ofishin ya tafi. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Yana gaisuwa, yana tambayar ko na ci abinci. Sai babban akawu, dattijo daga tsaunukan kudancin gari, dattijon coci ne kuma, wanda suka fara aiki da Baba kusan lokaci ɗaya. Yana kirana 'yar makaranta, yana kiran Baba Sarkin Awo. Baba kuma yana ce masa Liman, don ya ji haushi, ba ya kuwa ji. Da yatsa biyu yake buga tafireta, kamar kaza tana tsintar tsaba, shi ya sa ya yi murna da zuwana.

Malamarmu ta koya mana cewa mai buga takarda ba ta karatu. Idonki a kan rubutun da aka ba ki, yatsunki a kan keken rubutu, kada ki dubi hannunki, kada ki tsaya fahimtar abin da ake cewa, don fahimta ita ke kawo kuskure. Takan ce mu zama bututu, bututu ba ya ɗanɗana ruwan da ke bi ta cikinsa. Abin da ya bi ta yatsunki kuma ba ya fita ta bakinki, ko a gaban uwarki. Na koyi wannan fiye da kowa a ajinmu. Aibi ɗaya ta kasa raba ni da shi. Yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsana na dama, wanda ke buga ɗigon ƙarshen magana, yana da nauyi. Duk inda na sa aya sai ta huda takarda. Takan ɗaga aikina a hasken taga ta ce, "Hannun daka gare ki."

Ranar da na cika mako guda na kawo wa Baba wata wasiƙa da na buga ta gwaji, wadda babban akawu ya ce na iya tafiya da ita. Ya karɓa ya riƙe ta kusa da fuska na ɗan lokaci, don Inna da autarmu suna kallo, sa'an nan ya juya bayanta ya shafa da babban yatsa. Ya yi murmushi.

"Uwata, bugu kike ko shuka? Ga ramuka nan jere kamar gonar gyaɗa."

"Malama ma ta gaji da faɗa, Baba."

"Ki bar su. Mai aiki ya kamata a san hannunsa."

Ya ninke ta ya sa a aljihu. Ina jin wannan ne karo na ƙarshe a shekarar da wani abu ya shiga raina sosai.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Kwanakin ne suka zama iri ɗaya. Manaja ya kaɗa ƙararrawa, in shiga da littafi, ya faɗa in rubuta, in fito in jera farar takarda da kabon biyu, in murɗa, in buga. Wasiƙa zuwa hedkwata a kan buhunan da suka jiƙe. Wasiƙa a kan tayar babbar mota. Wasiƙa a kan ɓeraye a sito. Duk da kalma ɗaya suke farawa, da kalma ɗaya suke ƙarewa. Ƙamshin ɗanyar gyaɗa ya shiga gyalena har na daina jin sa. Da azahar in shimfiɗa buhu a bayan sito in yi salla, in sallame ban san surar da na karanta ba, Allah ya yafe mini. Tsoron da na zo da shi daga makaranta, wanda da farko yake hana ni cin abinci, shi ma ya kwanta ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na san yana nan, amma ko na mintsina ba na ji. Ana biki a unguwar Nassarawo, ƙawata ta ƙuruciya ce amarya, na je, na yi guɗa da aka ce a yi, na dawo. Inna ta tambaye ni wane zane amarya ta ɗaura, na kasa tunawa.

Sabon sikelin ya zo ana gab da kakar gyaɗa. Ni na buga takardar da ta ce mun karɓe shi lafiya, ban kuwa san abin da na buga ba sai da na ga leburori suna fasa akwatin. Gwamnati ce ta ce a bar laba a koma kilo. Sabon ba shi da sanda, ba shi da tsaga. Fuska gare shi kamar babban agogo, da allura a bayan gilashi. Ka ɗora buhu, allura ta zagaya ta tsaya, ka karanta. Ba ya ƙara, ba abin da farce zai taɓa.

Baba ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin, ya shafa shi daga sama har ƙasa. Babban akawu yana tsaye a gefe.

"Sarkin Awo, ga amarya an kawo maka."

"Liman, wannan ai awon Faransa ne. Kilo ba shi ne na mutanen Garwa, can ƙetaren iyaka, ba? Mun yi layi a rana, har mata aka fito da su, muka jefa ƙuri'a muka ce ba ma bin ƙasarsu, muna nan wannan gefen. Ashe ya biyo mu ta bayan gida."

Leburori suka yi dariya, babban akawu ma ya yi. Da ya dawo ofis sai ya tsaya a bakin teburina ya daɗe yana gyara fayilolin da ba su buƙatar gyara. A nan na gane ya san zancen idon Baba, wataƙila ma ya riga ni sani.

Suka shirya abin a tsakaninsu ba tare da an yi magana ba. Akawun sikeli, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ya matso da kujerarsa kusa, ya riƙa duban allura yana faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai magana da littafinsa, Baba kuma ya ɗaga murya ya maimaita. Aka yi mako uku a haka. Wata rana ina kai takardu rumfar, sai ga wata tsohuwa daga ƙauyen Bahuli da ta shekara da shekaru tana kawo gyaɗarta. Ta ƙi a sauke buhunta.

"Ni wannan agogo ban san shi ba. Baba, kai ne ka duba. Gyaɗa na nawa ya yi? Kai ka faɗa, ni na yarda."

Akawun ya yi raɗa. Baba ya sunkuya a kan gilashin, ya ɗago, ya faɗi lambar.

"To," in ji ta. "Tunda idonka ya gani."

Da yamma a hanyar gida Baba bai amsa mini zancen kwalbati ba. Sai da muka kusa mayo, wato rafin garin, ya ce, ba da ni yake ba sosai, "Yau na ba da shaida a kan abin da ban gani ba." Na ce ai lambar gaskiya ce. Ya ce, "Ta wani ce." Na nemi abin da zan ji a raina game da wannan magana, na rasa. Na ce masa akwai rami a gaba.

Bayan kwana biyu manaja ya fito zagaye. Ba wanda ya kai ƙara, zagayensa ne na kullum. Ya tsaya a rumfar yana yaba sabon sikeli, ya sa aka ɗora buhu, ya aiki akawun ya ɗauko masa wani littafi a sito. Ina jin su ta taga, ina tsakiyar wata wasiƙa a kan gishiri.

"Baba, nawa ta nuna?"

Baba ya auna buhuna da yawa a rayuwarsa, da ya yi kintace daga yadda buhun ya faɗi a farantin da wuya ya yi nisa da gaskiya. Bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, ba na gani."

"Gilashin ne ya yi ƙura?"

"Idon ne, ranka ya daɗe. Ya daɗe."

Na ji wannan sarai. Yatsuna ba su tsaya ba. Na kai ƙarshen layi, ƙaramar ƙararrawar tafireta ta yi ƙara, na tura keken ya koma, na ci gaba da gishiri. Wasiƙar ta fita ba kuskure ko ɗaya.

Ba a kore shi ranar ba. Manaja ya ce ya ci gaba da zuwa har a ji daga hedkwata. Aka ba akawun sikeli awo, Baba ya koma zama a kan benci yana gaisawa da manoma. Muka ci gaba da fitowa tare da safe. A gida ba wanda ya ɗaga zancen. Inna ta riƙa cewa hedkwata tana da nisa, wataƙila su manta, ko su ba shi gadin sito, ai an san shi. Baba ya ce Allah ya sa. Kowace safiya yana sa farar rigarsa ta aiki.

Amsar ta zo bayan wata guda da 'yan kwanaki. Ranar Talata ce. Manaja zai tafi rangadin ƙauyuka, ya bar rubutun hannu guda shida a buga kafin ya dawo ranar Juma'a ya sa hannu. Babban akawu ya kawo mini biyar, ya riƙe ɗaya. Ya tsaya yana juya ta.

"'Yar makaranta, wannan bar mini. Zan tsattsaga ta da yatsuna biyu."

"Ta mece ce?"

"Ta ma'aikata ce. Ba ta da tsawo."

Na miƙa hannu. Na ce, "Kawo, Baba akawu, zan iya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin san ta wa ce?"

"Na sani."

Shekaru da yawa, idan na ba kaina wannan labari, nakan ce ban lura ba, wai bututu ce ni, sunan ya wuce ban gani ba. Ba gaskiya ba ne. Dattijon nan ya ba ni hanya, na ƙi bi. Na sha neman dalili. Wani lokaci in ce tsoro na ji kada a rubuta wa makaranta cewa na zaɓi aiki. Wani lokaci in ce so na yi ta fita da tsabta, ba irin bugunsa mai goge-goge ba, tunda ita ce takarda ta ƙarshe da kamfani zai ba Baba. Waɗannan duk daga baya na ƙera su. A lokacin, aiki ne aka kawo, hannuna ya miƙa.

Layi tara ce. Kamfani yana godiya da daɗewar hidima. Saboda lafiyar ido. Daga ƙarshen wata. Na buga sunansa da na mahaifinsa, na buga lambarsa ta aiki, na zare takardar, na raba kabon, na sa ta a fayil ɗin sa hannu tare da sauran biyar. Sa'an nan na tafi bayan sito na yi azahar.

Daga Talata zuwa Juma'a ina sane. Abin da ya bi ta yatsu ba ya fita ta baki. Ranar Laraba Inna ta wanke masa farar rigar ta sa mata bula. Ranar Alhamis a hanya ya ce mini ya yi tunani, idan suka ba shi gadin sito zai karɓa, ba girman kai a neman halal, kuma ya san ƙarar kowace ƙofa a wurin. Na ce, "Haka ne, Baba." Na ce masa ga jakin nan.

Masinja ya ba shi ambulan ɗin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bai buɗe a can ba. Sai da muka dawo gida ya yi la'asar, ya zauna a tabarmarsa, ya kira ni.

"Uwata, zo ki karanta mini. Turanci ne."

Na durƙusa a gabansa. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ya yage bakin ambulan a hankali, ya zaro takardar, ya warware ta. Na miƙa hannu, amma bai ba ni ba. Ya juya bayanta ya ɗora babban yatsansa, wanda ya shekara yana ƙirga tsagogin tagulla, ya bi ta daga sama. Na ga yatsan ya tsaya. Ya matsa, ya sake tsayawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa.

"Shukarki ce," ya ce.

"I, Baba."

"Yaushe?"

"Talata."

Inna ta ajiye tsintsiyar. "Talata? Kina kallo ina sa wa riga bula?"

"Bar ta," in ji Baba. "Amanar mutane ce a hannunta." Ya miƙo mini. "Karanta. Ki fassara duka, kada ki rage."

Na karanta, na fassara, ban rage ba. Muryata kamar ta mai karanta sanarwa a rediyo. Da na gama ya ce alhamdu lillahi, ya ninke takardar ya sa a aljihun da ya sa ta farko. Na zauna ina jira. So nake ya yi faɗa, ko ya tambaye ni yadda hannuna ya iya, ko ya juya mini baya, ko wani abu ya fashe in ji zafinsa. Ya tambayi Inna ko akwai sauran goro.

Ran Litinin na ce ba zan koma ba. Ban faɗa da zuciya ba, na faɗa ne kamar yadda ake cewa za a yi ruwa. Ya ce wata huɗu ya rage mini, wanda ya ɗora buhu a sikeli ba ya sauke shi sai awo ya tsaya. Na ɗaura gyale na fita ni kaɗai, don Baba bai jira ƙarshen wata ba. A bakin kwalbati na ji bakina ya buɗe zai yi magana, na rufe shi.

Watanni huɗun nan ba ni da abin faɗa a kansu. Tagar tana nan, rumfar tana nan, allura tana zagayawa. Tsohuwar Bahuli ta zo sau ɗaya ta tambayi ina Baba, aka gaya mata, ta ce a gaishe shi, ta bari aka auna. Babban akawu ya riƙa zuwa Lokuwa ran Lahadi bayan coci, su zauna a zaure suna tsokanar juna a kan wanda zai riga wani shiga aljanna. Ni bai sake ɗaga mini zancen takardar ba, sai dai ya daina kirana 'yar makaranta, ya koma cewa 'yata. Inna ta yi mako biyu ba ta sa ni aiki ba, ba ta kuma hana ni ba, daga baya ta sake. Baba ya daina ɓoyewa. Ya riƙa sa yatsa a bakin kofi idan zai sha ruwa, ya yanki sanda, ya fara zancen zuwa Kano bayan damina. Autarmu ta koyi cewa idon Baba ba shi da lafiya, ta riƙa kwashe takalma daga hanya.

Ranar ƙarshe manaja ya kira ni ya ba ni takardar shaida a buɗe. Ya rubuta cewa ina da sauri, ina da riƙon sirri, kuma a shekara guda bai taɓa mayar mini da aiki ba. Ya ce idan na gama makaranta akwai kujera tana jirana. Na yi godiya. Ban koma ba, aure na yi bayan shekara biyu, amma kada a ce don wannan ne, ban sani ba ko don shi ne.

Washegari da safe na kai wa Baba takardar a tabarmarsa. Tun da ya bar aiki ni nake zuba masa shayi. Ya juya bayanta ya shafa, ya sake shafawa.

"Wannan ba hannunki ba ne."

"Baba akawu ne ya buga. Ba a ba mutum ya buga tasa."

"Shi ya sa ba rami ko ɗaya. Liman ba ya shuka, tsinta yake." Ya yi 'yar dariya. "Me suka ce?"

Na gaya masa. Da na zo kan riƙon sirri ya gyaɗa kai, ya ce, "Sun auna daidai. Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Na ce amin. Na jawo kofin tasa, na ɗaga buta na fara zubawa, idona a kan babban yatsansa da ke kan takardar, yana ta bin ta yana neman abin da babu. Ban ji lokacin da kukan shayin ya sirance ba. Ban ji lokacin da ya koma waccan tsiyaya marar amo ba. Baba ya ji, ya ɗago kai. Autarmu ce ta taso daga gefen Inna, ta tsuguna, ta leƙa fuskata daga ƙasa.

"Adda, ke ma kin daina gani ne?"